Sai da Majo ya tafi salla

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne yayana Isuhu, dillalin shanu a kasuwar dabbobi ta Dakoro. Mutane kan ce lokaci yana sanyaya zuciya. To ni tawa ba ta sanyaya ba, kuma tun da aka tura 'yarsa Ramatu aikin likita a wani ƙauye cikin watan nan, sai abin ya dawo mini ɗanye. Ni ƙanwarsa ce, tsohuwar malamar lekwal, wato makarantar boko. Ni na zauna a kansa ranar da ya rasu, kuma abin da idona ya gani zan faɗa.

Duk wanda ya san Isuhu ya san bakinsa ba shi da linzami. Ya taɓa tsayawa a tsakiyar kasuwa ya ce wa wani babban attajiri saniyar da ya kawo tari take yi, ba zai sayar wa talaka da ita ba. Attajirin bai ƙara ba shi dabba ba, shi kuwa ya dawo gida yana dariya yana ba mu labari. Mahaifiyarmu ta yi faɗa har ta gaji, ta bar shi da halinsa.

Ranar kasuwar wani ƙauye ce arewa da nan, da hantsi, wani bijimi ya ƙwace igiya ya tunkuye shi a ƙasan haƙarƙarin hagu. Ko jini bai fito ba. Da ƙafarsa ya taka zuwa ɗan asibitin da ke kusa, wanda ba zan kama sunansa ba. Aka kira ni, na hau kabu-kabu na same shi kwance yana zolayar masu ba da magani. Duk wanda ya ce masa ya jiki, sai ya ce da sauƙi, kamar yadda kowane Bahaushe yake cewa ko da rai na fita. Amma gumi mai sanyi yake yi, yana ta neman ruwa, yana dafe kafaɗarsa ta hagu wadda bijimin bai ko taɓa ba.

Shugaban asibitin a takarda wani matashin likita ne, sabon fitowa daga makaranta, ɗan ƙasar nan. Shugaba na gaskiya kuwa Majo ne, wato babban ma'aikacin jinya, dattijo mai furfura, wanda rabin ƙauyen a hannunsa aka yi musu allurar farko. Abin da ya ƙara ɗaure likitan shi ne Majo aminin mahaifinsa ne, har tuwon sunan likitan ya ci.

Likitan ya riƙe hannun Isuhu ya daɗe. Ya ja fatar idonsa ƙasa, na ga fari fat kamar auduga. Ya danna cikin, yayana ya yi ƙara. Na ga fuskar yaron nan ta sauya. Ya juya, ya rage tsawo, ya ce a hankali: "Baba Majo, ni ina ganin jini na zuba ciki. Ko a tahi da shi Maradi yanzu?"

Majo ya yi murmushi ya dafa kafaɗarsa. "Ɗana, tun ba a haihe ka ba nike ɗinkin mutanen da shanu suka soka. Bugu ne. A sa mashi ruwa, shi huta."

Ɗakin cike yake da dillalai da 'yan rakiya, kowa ya kaɗa kai. Wani ma ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Likitan ya sunkuyar da kai. Daga nan sai shiga da fita yake yi, ya taɓa hannun Isuhu, ya leƙa ƙofa, ya dawo. Azahar ta yi, Majo ya yi sallarsa a barandar ɗakin. Sai da aka kira la'asar ya ɗauki butarsa ya nufi masallacin gari, sannan yaron ya fita da gudu ya kira ambilans. Ya jira dattijo ya bar wurin ne don kada ya kunyata shi a gaban mutane. Isuhu ya cika a kan hanya, kansa a kan cinyata, ba mu ko hango Maradi ba.

A zaman makoki kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Na yarda, ni Musulma ce, babu mai wuce ranarsa. Amma na gaji da yadda muke mai da ƙaddara tabarmar da muke rufe ɓarnarmu da ita. Magani bai ƙare a asibitin nan ba ranar, mota ba ta lalace ba, ilimi ma yana nan a kan yaron, ya gane ciwon sarai. Abu ɗaya ya rasa, yadda zai ce wa babba a'a, kuma wannan babu wanda ya taɓa koya masa.

Shi ya sa fushina ba a kansa ya tsaya ba. Ina fushi da waɗanda suka ɗauki shekaru suna cusa masa sunan kowace jijiya, suka miƙa masa diplom da makullin asibiti, suka ce je ka shugabanci mutanen da suka haife ka, ba su zaunar da shi ko yini ɗaya sun nuna masa yadda ake yi ba. Ina fushi da manyan ma'aikata da suke jin gyara daga ƙarami kamar mari. Ina kuma fushi da gidajenmu, inda yaro mafi tarbiyya shi ne wanda ya fi iya haɗiye magana. Ladabi abu ne mai kyau a zaure, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Yanzu an ce an farka. Ramatu ta ba ni labari an tara su, ƙananan likitoci, a Maradi an yi musu horo kan shugabanci. Ana sa ɗaya ya zama babba mai taurin kai, ɗaya ya koyi tsayar da shi, ya faɗi abin da ya gani, ya maimaita, in an ƙi ji ya kira na gaba. Na ji daɗi, wallahi. Sai na tambaye ta ko akwai Majo ko guda a ɗakin. Ta ce babu, su kaɗai ne. Da Isuhu na raye na san abin da zai ce, zai ce an koya wa maraƙi hanya an bar bijimin a sake. A yi ta koya wa ƙanana magana, in ba a zaunar da manya an koya musu saurare ba, a bakin ƙofar asibiti horon zai tsaya, kuma ita Ramatu wurin wani Majon za ta.

Ana gobe za ta tafi, aka taru a gidan babban yayanmu, Alhaji Sale, don a yi mata addu'a. Ya yi mata nasiha mai tsawo, ya rufe da cewa: "Ɗiyata, inda za ki akwai manya. Ki riƙe bakinki. Kome kika gani, ki bari sai kun keɓe, kada ki yi ma babba musu cikin mutane."

Tana durƙushe, kanta a ƙasa, ta ce: "Baba, na ji, kuma zan girmama su. Amma in na ga mutum shina mutuwa, ba ni jiran kowa ya hita."

Alhaji ya dube ta, ya dube ni kamar ni na sa ta, ya tattara babbar rigarsa ya shige ɗaki, ko fatiha bai shafa ba. Matan gida suka hau salati, wata ta ce halin uban ne sak, ba da yabo ta faɗa ba.

Isuhu bai bar garke ba, bai bar gidan siminti ba. Mutanen kasuwa ma sun fara mance kamanninsa, in ban da tsofaffin dillalai. Abin da ya rage nasa a duniya shi ne bakin nan da muka yi ta roƙonsa ya rufe, ga shi ya fito a jikin yarinyar da za a damƙa wa rayukan mutane. Ban san ko zai ɗore mata ba ranar da ɗaki ya cika, dattijo ya dafa kafaɗarta ya kira ta ɗiyata. Ta kira Alhaji daga can ƙauyen don ta gaishe shi, har yau bai ɗauka ba. Ni na raka ta tasha, ni kaɗai, na shafa mata fatihar da aka hana ta.