Ƙananan Baƙaƙen da Na Gani Na Yi Shiru

Lokacin ina aji ɗaya na babbar sakandare a wani ƙauye kusa da Maska, irin yaran nan ne ni da malami zai shekara bai san muryarsu ba. Amma ido gare ni. Na san kofin da ya tsage a gidanmu, na san kazar da ta fara ɗingishi. Shi ya sa da aka gano Innata tana da ciwon sukari, ni aka damƙa wa na'urar gwaji, tunda ita ba ta yi boko ba. Kullum da safe kafin na tafi makaranta sai na soki yatsarta na karanta mata lamba. Malamar asibiti ta ce mana muddin lambar safe tana tsakanin tamanin da ɗari da talatin, mu gode Allah. Wata biyar muna haka lafiya lau.

Sai Kawu, yayan Inna, ya biyo ta gidanmu ranar kasuwar Bakori. Tsohon ma'aikaci ne a Funtua, shi ma yana da ciwon, kuma don ya taɓa zaman benci a shagon maganin abokinsa ya naɗa wa kansa likitanci. Ya sa na gwada Inna a gabansa, aka sami ɗari da ashirin da shida. Ya saki salati har awaki suka firgita. Ya zaro tasa na'urar da ɗansa ya aiko masa daga waje, ya gwada kansa yana ɗaga gira, ta nuna shida da ɗigo takwas. Ya ce wa Inna gawa ce ita mai yawo, jininta ya koma mazarƙwaila, kuma ma'aikatan asibitin ƙauye ba su san komai ba sai auna ciki. Ya yanke mata hukunci: ta bar tuwo, ta ninka ƙwayar magani, ta dinga shan ruwan shuwaka har lambarta ta sauko goma.

Ina tsugune kusa da ƙafarsa, na ga abin da shi bai gani ba duk da tabaran da ya ɗora a kan hanci. A kusurwar gilashin tamu na'urar akwai ƙananan baƙaƙe da suka fara da mg, tasa kuwa mmol aka rubuta. Zuciyata ta ce ba awo ɗaya suke yi ba, kamar mudu da tiya. Na so na ce ya gwada Inna da tasa mu gani, amma ya riga ya maida ita aljihu yana cewa tsinkayen gwajinsa ba na wasan yara ba ne. Wace ce ni da zan gyara wa Kawu zance? Na sunkuyar da kai na kwashe kwanukan da ya cinye tuwon da ya hana ƙanwarsa.

Lamba ta shiga sauka: ɗari da biyar, casa'in, saba'in da huɗu. Kowace safiya sai ya bugo waya, in na faɗa masa ya ce da saura, Inna ta ƙara himma. Ni kuwa ina ganin hannunta na rawa in ta ɗauki faifai, gumi na keto mata da sanyin safiya, har ta fara kirana da sunan ƙanwata. A rana ta tara muna sussukar masara a tsakar gida ta zame ta jingina da buhu, idonta a buɗe amma maganarta ba ta fita. Na gwada, hamsin da biyu. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa Kirista da ta yi aiki a asibitin mishan, ita ta dama sukari ta ba ta tun tana iya haɗiya, sannan aka ɗora ta a babur zuwa Funtua.

A can malamar asibiti ta ce lambar Kawu sai an ninka ta sau goma sha takwas kafin a kwatanta da tamu. Na lissafa a tafin hannuna: ɗari da ashirin da biyu. Huɗu kacal ke tsakaninsa da matar da ya kira gawa. Goma kuwa a tamu na'urar, ta ce ba mai kaiwa can da rai. Da yamma Kawu ya shigo da lemo guda uku a leda, ya ce dama shi tun farko bai yarda da na'urarmu ba, jabu ce. Ko kunya. Har yau yana majalisa yana rubuta wa mutane magani da baki.

Shi na raina, amma kaina ma ban ƙyale ba, don ni na sani. Yanzu na gane sukari ba tsere ba ne da mai ƙaramar lamba ke cinyewa. Kowane mai ciwo da iyakar da ma'aikacin lafiya ya sa masa, kuma faɗuwa ƙasa ta fi saurin kisa. Kada ku bi lambar wani, kada ku taɓa magani don wani mai babbar riga ya ɗaga murya. Ku kuma 'yan'uwana masu kunya, in kun ga abu ku faɗa. Da na yi magana, tsawa kawai Kawu zai yi mini, ni kuwa don gudun tsawar nan na kusa rasa uwa.