Mai Tatsar Iska Daga Ƙasar Wata

Sunusi ɗan maƙera ne daga Gumel, kuma har a Manchester da wuta yake cin abinci. Mahaifinsa ƙarfe yake narkawa ya fitar da fartanya, shi kuwa ƙasa yake dafawa ya fitar da iskar shaƙa. A ɗakin binciken da yake aiki ana kawo musu wata ƙasa mai kama da toka, wadda aka haɗa ta yi daidai da ta duniyar wata. Sai su zuba ta cikin narkakken gishiri, su sakar mata lantarki, ta riƙa sakin iskar oksijin kaɗan-kaɗan. Wai don ranar da mutane za su tare a can, su sami abin numfashi. Mutanen da ba a ma haife su ba, Sunusi ya ƙare ƙuruciyarsa yana tanadar musu iska.

Iyalinsa suna Birmingham, a Selly Oak, inda matarsa Zinatu take koyarwa. Shi yana da ɗan ɗaki a Salford, gefen Manchester, sai Juma'a yake hawa jirgin ƙasa ya je gida. Yaransu biyu: Bilqis ce babba, sai Harun.

Abin da ya taho da shi daga Gumel bai fi akwati ɗaya ba, amma akwai kayan da ba a auna masa ba a filin jirgi, wato kunyar ɗan fari. A gidansu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya nuna ya damu da shi. Haka aka yi wa Sunusi, bai mutu ba. Zinatu ta yar da wannan al'ada tun a ɗakin haihuwa, shi kuwa ya riƙe ta gam. Harun yana hawa wuyansa, ana kiran sunansa har maƙwabta su gaji. Bilqis kuwa "yarinyar nan" ce. Alhali wallahi ita ce ransa. Ita yake fara leƙawa ta taga tun kafin ya buɗe ƙofa, sannan ya shigo ya wuce ta kamar bai gan ta ba.

To wa zai yi wa 'yar Birmingham wannan bayani? Wata rana ta tambayi uwarta, "Mum, does he even know my name?" Zinatu ta kawo masa maganar, ya yi dariya ya ce idan ta girma za ta gane.

Bilqis tana da asma, ga bangon gidan kullum a jiƙe. Da sanyi ya shigo, ƙirjinta sai ya fara fito.

Ranar da abin ya faru, yayan Zinatu, Dakta Junaidu, likita ne a nan Manchester, ya zo ganin injin da mijin ƙanwarsa yake ta ba shi labari. Suna tsaye gaban tukunyar da ake dafa ƙasar, Sunusi yana nuna masa allurar da ke motsi idan iska ta fito, sai waya ta yi ƙara. Zinatu ce.

"Baban Harun, Bilqis ba ta numfashi sosai. Ta shaƙi inhaler ɗin bai yi komai ba, ambulance na hanya. Ka taho yanzu."

Ya yunƙura zai fita. Amma ga yayan matarsa a gabansa, babba, yana kallonsa. A ce ya fita da gudu saboda 'yar fari? Sai ya daidaita murya.

"To, Allah ya sawwaƙe. Zan zo."

"Lafiya dai?" in ji Dakta Junaidu.

"Lafiya lau, Yaya. Yarinyar nan ce ba ta ɗan jin daɗi."

Ya ci gaba da bayanin allura. Ya raka baƙonsa har mota, ya tsaya ana sallama, ana a gaida gida. Likita fa, mai mota a hannu, kawun yarinyar na jini! Da ya buɗe baki ya faɗi gaskiya, da tare za su kama hanya. Sai da motar ta sha kwana sannan ya ruga tasha, jirgi kuwa ya riga ya tashi. Ya zauna jiran na gaba yana kuka kamar ƙaramin yaro, tunda nan babu wanda ya san shi.

Bayan la'asar ya isa asibiti. Matar da ke kan tebur ta tambaye shi sunan yarinyar. Ya ce, "Bilqis. Bilqis Sunusi." Farkon fitar sunan daga bakinsa ke nan, kuma wata baƙuwa mai duba kwamfuta ce ta ji shi.

An riga an shawo kan abin. Bilqis tana kwance, an rufe mata hanci da baki da robar oksijin. Zinatu ba ta ko ɗaga kai ba. Ta ce, "Ta yi ta kiranka a cikin ambulance. Daga baya ta daina."

Yarinyar ta buɗe ido, ta ja robar gefe.

"Daddy, is this your oxygen?"

Ba tasa ba ce. Tasa in an gama aunawa, ta bututu take fita saman rufi ta bi iskar Manchester. Ya girgiza kai.

Ya matso bakin gadon da niyyar ya kira ta, ya riga ya haɗa leɓe. Sai ga sallamar Dakta Junaidu a bayansa, ashe Zinatu ta kira shi a waya ya taho a guje. Bilqis tana kallon bakin ubanta, tana jira.

"Sannu, yarinya," in ji Sunusi.

Ta mayar da robar kan fuskarta, ta juya ta fuskanci bango.