Noelene, Matar da Na Kasa Kamawa a Gidan Mai

Ƙarfe shida saura kwata Noelene Pavlich take buɗe gidan man garinmu, Kulbarra. Ta ɗora butar shayi, ta ɗauki doguwar sandar awo ta zura a rijiyar mai ta ga abin da ya kwana. Shida daidai ta canza lambobin allon bakin titi. Kafin biyun rana kuma tana gaban kwamfuta, tabarau a karan hanci, tana aika wa hukuma farashin gobe da yatsa ɗaya. Dokar jiharmu ke nan: ka faɗi kuɗin man gobe kafin biyu, da shidan safe ya hau allo, ba ka kuma taɓa shi sai wata shidan, ko sama da ƙasa za su haɗe.

Na san wannan duka ne don shekara goma sha tara na yi a tsallaken titi ina kallonta. Ba don so ba, don in kama ta.

Sunana Merv Gilchrist, direban motar alkama ne ni, kuma ban yarda da mai sayar da mai ba. Mutumin da ke sayar maka da abin da ba ka gani, ya bi ta tiyo ya shige tanki, kai dai sai lambobi suna gudu, ta yaya za ka yarda da shi? Matata Glenys ta ce ko likita ya ce lafiyata ƙalau sai na tambayi wa ya biya shi. Kullum da yamma nakan duba farashin da Noelene ta aika, in rubuta a ɗan littafina, da safe in gwada da allo, in gwada da famfo.

"Sufeto, ka iso?" haka take tarbata. "Shigo ka sha shayi mana, ko shi ma sai an kai shi gwaji?"

"Nawa ne yau?"

"Kyauta."

"Abin kyauta na fi tsoro," in ce, in shanye.

Kev Dunstan, manomin da ke bayan tudu, ya taɓa ba mu labari. Wata rana wuta ta ɗauke, layin waya ya mutu da ɗaya da rabi, sai ga Noelene ta kulle shago ta yi tafiyar kilomita ashirin zuwa kan tudunsa. Ya same ta a tsaye a bayan a-kori-kura, ta ɗaga waya sama kamar mai shanya, tana aika farashi. Biyu saura minti huɗu ya tafi. Kowa ya yaba. Ni na ce lallai akwai abin da take rufewa, mai gaskiya ba ya wahala haka.

Sai girbin shekara biyar da suka wuce. Watan Disamba, lokacin bazararmu ke nan a nan, zafi kamar a gasa mutum, an kuma ce ruwa zai sauko ran Juma'a. Alkama kuwa in ta jiƙe a gona ta tashi daga abincin mutane ta koma na dabbobi, don haka kowace mota a garin tana kan hanya. Ran Laraba na iso da biyar da rabi, gari ya riga ya waye, sai na ga an sa wa famfunan dizal duka biyu jaka rawaya, an rubuta sun lalace. Tabɗi! Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. Na ɗauki hoto, na buga wa hukuma, na bar saƙo cewa ana ɓoye mai a Kulbarra, na kuma faɗi sunan manaja, wato Noelene, baro-baro.

Ina kashe waya sai ga motarta ta shigo. Ashe ba ta ma iso ba aka rataya jakunkunan. Daga bayan shago, inda wata farar mota ke fake, Mista Treloar ya fito, mutumin birnin da ya sayi gidan man a shekarar.

"Wa ya sa wa famfona hula?" in ji Noelene.

"Ni ne. Sun lalace."

"Jiya da na rufe lafiyarsu ƙalau. Zazzaɓi suka kwana da shi?"

"Noelene, ki saurara. Tankar da ta sauke jiya da yamma ta zo da ƙarin santi ashirin da biyu. Duk litar da kika sayar yau asara ce. Ki aika sabon farashi, gobe da shida su warke."

"Jiya na faɗa wa jiha guda dizal ɗinmu dala ɗaya da santi tamanin da tara. Mutane sun gani sun taso. Ga Kev can a layi, ga Sufeto da littafinsa."

"Gidan man nawa ne ko naki?"

"Naka ne. Amma bakin da ya faɗa nawa ne."

Ta zare jakunkunan, ta ninke, ta miƙa masa a hannu. Ranar har faɗuwar rana tana sayarwa a farashin da ta faɗa, alkamar Kev ta shiga rumbu a bushe.

Ni fa? Na sake buga waya in janye, aka ce ƙorafi in ya shiga sai an bincika. Bayan mako guda takarda ta iso, Treloar ya samu abin da yake nema. Ya ce manaja ce ta rataya jakunkunan, shi ne ma ya sa ta cire, ga hoto, ga sunanta a ƙorafi. Ya ce ta ajiye makullai ƙarshen wata. Mace mai shekara hamsin da takwas, a garin da gidan mai ɗaya ne, kanti ɗaya, sai rumbun alkama, ina za ta? Na koma gida na faɗi abin da na jawo. Glenys ta ce, "Ka tona rami, tsoho, to ga shi an faɗa. Ka ji daɗi?"

Ran da jami'ar bincike ta zo, na shiga shago da kwali a kafaɗa. Littafi goma sha huɗu, kowace safiya da layinta: lokacin da Noelene ta iso, abin da ta aika, abin da ke allo, abin da ke famfo. Na buɗe mata shafin Larabar: biyar da rabi, jaka a famfo, farar mota a bayan shago, shida saura kwata, ta iso, shida saura minti tara, ta cire. Jami'ar ta yi ta juya shafuka, can ta ɗago.

"Mista Gilchrist, kai masoyinta ne ko maƙiyinta?"

"Ni kawai ban yarda da ita ba ne."

"Shekara goma sha huɗu?"

"Ai har yanzu ban kama ta ba."

Treloar ya janye korar, kafin wani girbin ya sayar wa ƙungiyar manoma gidan man ya koma birni. Noelene ta ci gaba da buɗewa shida saura kwata.

Ke ce mai baki ɗaya, Noelene. Ke ce kika ɗauki dokar da wasu ke kallo takarda ce kawai, kika mai da ita alkawari tsakaninki da direban da ya taso daga nesa da ragowar mai a tanki. Ba a taɓa sa hotonki a jarida ba. Ni da na fi kowa neman laifinki na nema da idona biyu, safiya kusan dubu bakwai, ban samu ko santi ɗaya ba.

Asabar ɗin da ta wuce aka yi mata gashin nama na sallama a filin ƙwallo, don ta yi ritaya. Na ja ta gefe, na ce, "Noelene, ƙorafin nan ni na kai."

Ta kwashe da dariya. "Haba Sufeto! Duk garin nan wa ya haddace lambar hukuma in ba kai ba? Tun ranar na sani."

"Kuma kika ci gaba da ba ni shayi?"

"In na kore ka wa zai rubuta?"

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, har sai da na juya na ce hayaƙi ne ya shigar mini ido. Na gode, Noelene, ki yafe mini. Ku kuma masu tsayawa bakin famfo a ko'ina, ku yi koyi da ita: abin da kuka faɗa da biyun rana, a same shi a allo da shidan safe, ko akwai mai kallo ko babu.

Ran Litinin sabon manaja ya kama aiki, wani ɗan birni mai yawan murmushi. Biyar da rabi ina tsallaken titi da sabon littafi, sai na ji an ƙwanƙwasa ƙofar mota. Noelene ce, da fulas ɗin shayi da kofi biyu.

"Matsa, Sufeto," ta ce. "Ni ma ban yarda da shi ba."