Ruwan Mangwaron da Ban Ɗanɗana Ba

Har yau ban manta da ranar da aka dawo mini da kofi sau biyu ba. Lokacin ina kuku a gidan wani Baturen dabbobi a nan Potiskum, 'yan shekaru kafin Turawa su tafi. Ku da kuke aiki da injin markaɗe, sai na ɗan yi muku bayanin gidan Bature. Kicin a baya yake, nesa da ɗakuna, kuma kuku ba ya shiga ciki. Boyi ne ke kai abinci, shi ke dawo da magana. Namu sunansa Maina, ya girme ni sosai.

A shekarar azumi ya faɗo tsakiyar bazara. Matar Baturen ta kwanta da zazzaɓi, kwana uku duk abin da ta ci sai ya dawo. Da safe Baturen ya zo har ƙofar kicin, abin da bai saba ba.

"Kuku, ruwan mangwaro take so. In ba ta sha komai yau ba, gobe zan kai ta asibiti a Jos."

Muka kalli juna ni da Maina. In an tafi Jos an rufe gida, aikinmu ya ƙare ke nan, ga salla tafe.

Ban taɓa haɗa ruwan mangwaro ba. Mu tsotsa muke yi mu yar da ƙwallo. Na taka kasuwa, na sayo kwando guda wurin wani mai lambu daga Danchuwa. Ƙa'idar gidan, duk ɗanyen abu sai an jiƙa shi a ruwan jan magani mai kashe ƙwayoyin cuta, ruwan sha kuwa sai an tafasa an tace. Na yi haka. Na fere, na matse da hannu, na zuba ruwa da sukari, na sa kwalbar a randa ta yi sanyi. Ga murhu yana ci, ga rufin langa-langa ya ɗau rana.

Maina ya kai, ya dawo. "Ta ce zare ya yi yawa, yana maƙale mata a wuya."

Na sake sabo, na tace da farin ƙyalle. Wajen azahar Maina ya sake dawowa da kofin, Baturen na biye da shi.

"Ya yi tsami. Ba ka ɗanɗana ba ne?"

"Ranka ya daɗe, ina azumi."

Ya tsaya yana kallona, idonsa jajur. "To, ka san yadda za ka yi." Ya juya.

Na zauna a kan turmi. Maƙogwarona ya bushe ƙamas, hannuwana duk danƙo, ƙudaje sun yi mini caa. Maina ya ce malamai sun yarda a taɓa da harshe a tofar. Na ce, "Yaya Maina, na san kaina. In ya taɓa harshena yau, haɗiyewa zan yi."

Muna nan sai ga Dije, Bafulatanar da ke kawo mana madara, ta dawo daga talla ta tsaya neman ruwa. Tana goyo, ba ta azumi. Na miƙa mata cokali. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska.

"Kuku, ɗanye da nunanne ka gama. Ɓawo ya yi ja, ciki da saura."

Ta ajiye ƙwaryarta, ta bi kwandon ɗaya bayan ɗaya tana sunsunawa, ta ware bakwai. "Waɗannan kaɗai. Kuma ka rage ruwa."

Na sake matsa na uku. Ina zuba sukari tana kurɓa. "Ƙara. Ƙara kaɗan. Tsaya nan."

Bayan la'asar Maina ya ɗauka. Ya daɗe a ciki, har na fara tunanin inda zan nemi aiki. Sai ga shi da kofi ba komai.

"Ta ce a ƙaro."

Ko murna ban iya yi ba. Na jawo kwandon kawai.

Kwana tara na yi ina wannan aiki, safe da yamma, Dije na biyowa ta ɗanɗana, in ba ta ɗan sukari a ƙulle. Ba a je Jos ba. Da matar ta miƙe, Baturen ya leƙo ya ce, "Kuku, ka iya." Na so in ambaci Dije, Maina ya taka mini ƙafa. Daga baya ya ce in suka ji baƙon baki ya taɓa abin shan uwargida, ni da shi duk waje. Haka suka koma ƙasarsu ba su sani ba.

Abin da na koya, wanda ake yi wa hidima kofi kawai yake gani, bai san hannu nawa ya bi ba. Ku da kuke cikin sana'ar kun sani, don haka duk wanda ya taimake ku a kicin, ku gode masa a take, don ba mai yi muku. Ni dai tun daga wannan azumi ban ƙara shan mangwaro ba. Ko ƙamshinsa na ji a kasuwa, sai kafaɗuna su fara ciwo.