Gayyar da Inna Ta Kira a Bakin Iyaka

Duk ranar da rediyo ta ce wani shugaba ya sake tura sojojinsa cikin ƙasar maƙwabcinsa, sannan aka karanto jerin ƙasashen da suka nuna damuwa, sai in ji raina ya ɓaci kamar ni aka yi wa. Maigidana ya gaji da tsakina. Ya ce, "Ummi, ke da ko Kano sai shekara-shekara kike zuwa, mene ne naki a ciki?" Bai gane ba ne. Ni na san irin mutumin nan. Na san shi tun ina 'yar shekara tara, a ƙauyenmu da ke bayan Kwandiko a ƙasar Gwaram. A lokacin sunansa Sale Mai Garma, kuma gonar kakata yake ci.

Kakar tawa Inna muke ce mata, mu da 'ya'yanta duka. Sunanta aka sa mini, shi ya sa ake kirana Ummi a gida, ita kuwa takwara take ce mini. Tana da wata gonar gyaɗa da ta gada wurin mahaifinta. Ba wata babba ba ce, amma daga cikinta take samun man miyarta da ƙulin da take rufe mana baki da shi. Iyakarta da gonar Sale layin gamba ne, tushe-tushe, kamar yadda kowa yake shata gonarsa a wajenmu. Shi Sale yana da shanun huɗa biyu, ƙosassu. Duk shekara in ruwa ya sauka ya fito huɗa, sai garmarsa ta kuskure, wai, ta tumɓuke gambar, ya ƙara kunya ɗaya a cikin gonarsa. Ɗaya tak. Wa zai tashi ya je gaban mai unguwa a kan kunya ɗaya? Damina uku ya yi wa Inna haka. Kafin ita kuma da haka ya cinye rabin gonar wani bawan Allah, Malam Hadi, har mutumin ya gaji ya kwashe iyalinsa ya koma Farin Dutse.

'Ya'yan Inna maza biyu ne, kuma a wannan magana kowannensu ya ishe ta. Babana, Malam Idi, malamin allo ne, mutum mai sanyi har ya yi yawa. Da aka ci kunya ta biyu, goro ya saya ya je ya gaishe da Sale, wai don a gyara maƙwabtaka. Sale ya karɓi goro, ya sa albarka, damina ta zagayo ya ci ta uku. Ƙanensa kuwa, Baffa Haruna, makiyayi ne, gorarsa ba ta barin kafaɗarsa. Shi maganarsa ɗaya ce, a bar shi da Sale na minti biyar. Kullum da yamma suna zaune a bayan zanar gidanmu suna wannan musu, ɗaya yana cewa a bar wa Allah, ɗaya yana cewa a fasa kai, gona kuma tana ta tsukewa.

Mu yara ba ruwanmu. Abin da muka sani shi ne, in an yi magariba an ci tuwo, ana hura wa shanu wuta a zuba ɗanyen ganye don hayaƙin ya kori sauro, mu kuma mu kewaye Inna a gefen wutar, idanunmu na hawaye amma ba mai tashi. Inna ba ta ɗaga murya in tana tatsuniya. Sai ka matso har ka ji ƙamshin man shanun da ke kanta. Amma wata yamma, ana saura kwanaki a fara huɗa, sai ta ja tabarmarta har jikin zana, daidai inda Baba da Baffa suke zaune ta waje, ta gyara murya kamar mai shela.

Ta ce, "Ga wata nan ta taso, wa zai tare ta?"

Muka ce, "Mu ne, Inna, ta iso!"

Wai an yi wani baƙin bijimi da yake jan wani garke. Shi ne ya kai garken wani fako inda ba ciyawa, don ya ƙi jin shawarar kowa. To, duk sa'ad da yunwa ta ciwo shanunsa suka fara kuka suna dubansa, sai ya hau tonon ƙasa da ƙafa yana huci, ya ce, "Kun ga garken can na hayin rafi? Harararmu suke yi." Shanu su manta da yunwa, su bi bayansa.

Garken farko da ya je wa, suka ce ba sa son fitina, suka bar masa mashayarsu. Ya sha, ya yi gyatsa, bayan kwana biyu ya dawo ya ce inuwarsu ma yana so. Garke na biyu suna da nasu bijimin mai zafin kai, ya sunkuyar da ƙaho suka gwabza. Aka tattake maruƙa, aka dagula ruwan da ake faɗa a kansa, baƙin bijimi ya koma da jini a goshi, shanunsa suna lasar masa ciwo suna cewa ba su taɓa ganin jarumi irinsa ba.

A nan Inna ta dakata, ta juya fuskarta wajen zana, ta ƙara ɗaga murya. "Wawaye biyu ke nan. Ɗaya ya ba shi ruwa, ɗaya ya ba shi faɗa, kuma duka biyun abin da ya zo nema ne."

Muka ji wani ya yi tari a bayan zana. Har yau ban san ko Baba ne ko Baffa ba.

Sai wata tsohuwar saniya, wadda haƙoranta suka zube, ta bi garkunan nan ɗaya bayan ɗaya ta tara su. Ranar da baƙin bijimi ya sake tasowa, ya tarar da shanu jere a bakin rafi, kafaɗa da kafaɗa. Ba wadda ta sunkuyar da ƙaho, ba wadda ta ja da baya. Sai dai sun bar wata 'yar kafa a gefe, daidai wucewar saniya ɗaya. Ya yi huci, ya yi tono, ya zaburo har ya kusa, ya tsaya. Ya waiwaya don ya ce wa nasa su biyo shi, bai ga kowa ba. Duk sun bi ta kafar nan suna shan ruwa.

Na ce, "Inna, sai aka kashe shi?"

"Kai, takwara, ke ma irin Baffanki ce. Wa zai ɓata ƙahonsa? Shi ma ƙishirwa ce ta kawo shi ta kafar, kansa a ƙasa." Ta kakkaɓe zaninta. "Ta ƙare, na naɗe tabarmarta. Ku tashi."

Ban ji daɗin wannan ƙarshe ba ko kaɗan, na kuma faɗa mata. Ita ko kallona ba ta yi ba.

Sai da na girma na gane abin da Inna ta gani a gidan Sale wanda maza ba su gani ba. Yana da 'ya'ya biyu, Ado da Musa, manya, kowanne da matarsa, amma har lokacin a gandun ubansu suke noma, bai yanka wa ko ɗaya gayauna ba, wato ɗan filin da uba yake ba ɗansa ya noma don kansa. Duk shekarar da suka tayar da maganar, sai Sale ya ce, "Yanzu ne lokacin wannan magana, maƙwabta suna neman cinye mu?" Sai ya je ya tono rigima a bakin iyaka, yaran su ɗauki sanduna su tsaya bayansa, maganar gayauna ta sha ruwa. Ba gonar Inna yake tsananin so ba. Ranar da zai zauna lafiya da 'ya'yansa a tsakar gida yake tsoro.

Washegarin tatsuniyar Inna ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta ɗauki sandarta ta bi gida-gida tana kiran gayya, wai a taimaki tsohuwa a yi mata huɗar gyaɗa ranar Asabar. A wajenmu ba a ƙin gayyar tsohuwa. Ta je wa kowa, har waɗanda Sale bai taɓa gonarsu ba tukuna, har gidan Sale ɗin kansa, inda ta samu Ado da Musa a ƙofar gida ta ce, "Ku ma 'ya'yana ne, ina jiranku." Baba ya ce, "Inna, wannan ba tsokana ba ce?" Baffa kuma ya fara shafa wa gorarsa mai. Ta dube su duka biyun ta ce, "Kai Idi, ka zo da fartanya, ka bar goro a gida. Kai Haruna, in na ga gorar nan a gonata ban yafe ba."

Ranar Asabar maza suka cika gonar, mu yara muka bi Inna da 'yan matan da suka ɗauko tukwanen kunu. Ta kai mutane wurin wani tsohon kututturen kalgo wanda kowa ya san a kansa iyakar take tun zamanin mahaifinta. Ta ce daga nan za a fara, kada a bar mata taki ɗaya, kada kuma a shiga ta Sale da taki ɗaya. Aka ja kunyoyi, aka sake dasa gamba.

Hantsi ya ɗaga sai ga Sale a guje, da sanda, rawaninsa a warware. Irin zagin da ya yi ba zai maimaitu ba. Ba wanda ya tanka masa, ba wanda ya ɗago daga aiki. Na ga jijiyar wuyan Baffa ta miƙe, Inna ta ce, "Haruna," sau ɗaya kawai, ya ci gaba da sara. Sale ya rasa wanda zai kama. Ya juya yana kiran, "Ado! Musa! Kuna ina?" Suna nan ƙarƙashin ɗorawa, ƙafafunsu duk ƙasar gonar Inna, kowanne da ludayin kunu a hannu. Ado ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, gayya ce aka kira mu."

Ni ina jira in ga an yi masa ihu. Sai Inna ta ɗebi kunu a ƙwarya ta miƙa masa ta ce, "Malam Sale, ai mun sani garmar ce take kuskure. Ga shi an gyara. Zauna ka jiƙa maƙoshi." Wallahi sai da na ji kamar in fasa ƙwaryar. Mutumin da ya ci mana gona shekara uku, shi ne za a ba kunu, a kuma ɗora laifin a kan garma? Ya daɗe a tsaye. Daga baya ya karɓa ya sha, ya tafi. Garmarsa ba ta sake kuskure ba. A kakar shekarar Ado da Musa suka samu gayauna.

Yanzu ina Birnin Kudu, ina koyarwa a makarantar firamare, kuma majalisar maigidana a jikin katangarmu take. In labarin yaƙi ya taso, daga tsakar gida nake jin Baba da Baffa sun dawo duniya da sababbin sunaye. Wannan ya ce a ba shugaban da ya tura sojojin yankin da yake so a huta. Wancan ya ce a yi masa ruwan bama-bamai, shi da mutanensa, kamar su ne suka aike shi. Ba wanda yake tambaya wace magana ce mutumin yake gudu a cikin gidansa. Manyan ƙasashen ma haka, kowa yana leƙen gonarsa, in dai ba tasa gambar aka tumɓuke ba sai ya aika da takardar nuna damuwa. Wani lokaci har nakan ja kujerata jikin katangar in ɗaga murya da 'ya'yana, amma ni ba Inna ba ce, ba wanda yake ko tari.

Shekarar da za ta rasu na je gaishe ta, ta tsufa ƙwarai, ba ta gani sosai. Na tuna mata gayyar nan ina yabonta, ina cewa duk ƙauyen ita kaɗai ce mai hankali. Ta yi tsaki irin nawa, ko in ce nawa ne irin nata.

"Wane hankali, takwara? Da ina da shi, ai ranar da ya ci kunyar farko a gonar Hadi zan dama kunun nan. Ina tsaye a gonata na ga garmar ta shiga, na ce ba tawa ba ce, na sunkuya na ci gaba da cirar ciyawa." Ta murza carbinta. "Tawa ta dawo. Hadi kuwa a Farin Dutse aka binne shi."