Ranar da Inna Ta Kife Ƙwarya

Shekarun baya, lokacin da Dutse take sabuwar hedikwata, ofisoshi sun fi gidajen kwana yawa, ina ƙaramin ma'aikaci a wani ofishin gona. Aikina bai wuce in kai fayil in dawo da fayil ba. Amma idan na tafi gida ranar Juma'a, wani ƙauye a gefen Ringim, sai in maƙala biro biyu a aljihu, ina tafiya kamar ni ne kwamishina.

Mu asalinmu masu kiwo ne. Kafin in yi wayo shanun sun ƙare, sai 'yan ƙalilan da mahaifiyata take tatsa. Yayana, wanda shi ne ɗanta na fari, ya ajiye sanda ya goya famfon feshi. Duk fadamar ƙauyenmu, mai tumatir da mai albasa da mai tattasai, idan tsutsa ta shiga gona shi ake nema, don an ce hannunsa yana da kyau. Abin da ake nufi shi ne yana haɗa maganin ƙwarin da ƙarfi, har mai gona ya ji warin daga bakin hanya ya tabbatar an yi masa aiki.

Wanda bai tashi a irin gidanmu ba zai ce Inna ba ta son yayana. Kunyar ɗan fari ce, kuma tata ta fi ta kowa tsanani. Kakarmu ce ta raine shi. Ban taɓa jin sunansa a bakin Inna ba, sai dai ta ce "wancan" ko "yayanka". Idan ya durƙusa yana gaishe ta, sai ta amsa tana kallon kaji. Ni kuwa auta, har cinyarta nake hawa da gemuna, ta zage ni, ta ba ni ƙanzo.

Abu ɗaya ne tsakaninsu. Duk ranar da zai yi feshi, idan ta yi tatsar safe, sai ta ware madara a wata ƙaramar ƙwarya, ta tafasa, ta rufe da faifai, ta ajiye a ƙofar ɗakinsa. Ba ta cewa komai, shi ma ba ya cewa komai. Idan ya dawo ya wanke hannu, sai ya tsuguna ya shanye, ya mayar da faifan. Duk masu feshi a lokacin sun yarda madara tana kashe dafin magani a ciki. Wanda ba shi da saniya ya sayi ta gwangwani, wanda ba shi da hali ya sha manja. Matar yayana ta taɓa cewa a bar mata wannan hidimar, Inna ta yi mata wani kallo, ba ta sake tayar da zancen ba.

Wata shekara da rani, wata malamar jami'a ta zo ofishinmu. Tana bincike a kan haɗarin da masu feshi suke shiga a wurin aiki. Da aka ji ni ɗan Ringim ne, sai aka ce in raka ta. Na ji daɗi ƙwarai, na ce mata ai sarkin masu feshin ma a gidanmu yake.

Muka same shi a wata gonar tumatir, daga shi sai singileti da wando naɗe zuwa gwiwa, ba takalmi. Ya tsiyaya magani a bokiti, ya zura hannu har gwiwar hannu yana juyawa. Malama ta tsaya tana kallo. Can bakin famfon ya toshe, ya cire shi, ya sa a baki ya hura.

"Innalillahi! Malam, tofar! Tofar da shi!"

Ya tofar, yana dariya. "Malama, kullum haka muke yi. Ai akwai madara a gida."

Ta ciro takunkumi da safar hannu da wata doguwar riga ta roba ta ba shi. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya naɗe su ya ajiye a gindin bishiya.

"Allah Ya saka da alheri. Amma in na rufe fuska kamar ɗan fashi na shiga gonar mutum, wa zai sake kirana? Cewa za a yi guba nake zuba wa mutane a miya. Ga kuma zafin nan, ai dahuwa zan yi a ciki."

Ta roƙe shi ya bari a ɗebi jininsa, kamar yadda aka ɗebi na sauran masu feshi. Ya miƙa hannu yana tsokanar ta, wai kada ta kai wa Turawa su ga jinin Bafulatani su yi hassada.

Bayan 'yan makonni ta dawo ofis ta same ni. Ko zama ba ta yi ba. Ta ce cikin duk waɗanda aka auna, na yayana ya fi muni. Maganin ya taru a jikinsa, ya cinye abin da ke kare jijiyoyinsa, saura kaɗan. Idan ya ajiye famfo zuwa damina, jikin zai iya farfaɗowa. Idan bai ajiye ba, feshi ɗaya a rana mai zafi ya isa.

Na ce, "To madarar fa, Malama?"

Ta ce, "Madara abinci ce. Ba ta hanawa, ba ta warkarwa."

Ni kuwa na riga na ga alamu na kawar da kai. Na ga hannunsa yana rawa idan ya ɗauki kofin shayi. Na ga yana yawan haɗiyar yawu, yana gumi ko da inuwa, yana ɗaure kai da rawani saboda ciwo. Duk mun ce gajiya ce.

Ranar Juma'a na je gida na faɗa masa komai. Ya saurare ni har na gama, sannan ya dafa kaina kamar yadda yake yi tun ina yaro.

"Auta, boko ya sa maka tsoro. Shekara nawa ina wannan aiki? In na ajiye, biron naka za mu dafa mu ci?"

Na kawo masa liman, ya ce to. Na kawo masa kawunmu, ya ce to. Irin "to" ɗin nan da kai ma ka san ba ta wuce leɓe ba. Na san mutum ɗaya ce a duniya da za ta ce ya bari ya bari, kuma ita ce mutum ɗaya da ba ta yi masa magana.

Na same ta a bayan ɗaki tana wanke ƙore. Na tsuguna na zayyana mata abin da Malama ta ce. Da na zo kan zancen madara, sai ta tsaya.

"Ita malamar taka saniya nawa ta taɓa tatsa?"

"Inna, bar zancen madarar. Ki dai yi masa magana. Kalma ɗaya. Ki ce ya ajiye."

"Ni? Da wane bakin?"

"Ɗanki ne, Inna."

"Ɗan kakarka ne. Tashi ka ba ni wuri."

Raina ya ɓaci, har na ce mata kunya ba za ta tone kabari ta dawo da mutum ba. Ta ci gaba da wanke ƙwarya ɗaya, wadda tuni ta fita tas.

Washegari da safe na fito alwala na ga abin da ta yi. Ta yi tatsa kamar kullum, amma ba ta ware komai ba. Duk madarar ta juye a babbar ƙwarya, ta zuba mata tsami don ta kwana ta zama nono. Ƙaramar ƙwaryar nan kuwa ta kai ta ƙofar ɗakinsa ta kife, ta ɗora faifan a kai. Nan take na gane. Wannan ita ce maganar tata. A lissafinta, babu mai hankalin da zai goya famfo ya san babu madara tana jiransa.

Yayana ya fito da famfo a kafaɗa, ya ga ƙwaryar. Ya daɗe a tsaye. Ya dubi inda Inna take, ta ba shi baya tana ba ɗan maraƙi dusa.

Ya matso kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa. "Auta, me na yi wa Inna?"

"Ba ka yi mata komai ba, Yaya. So take ka ajiye. Abin da take faɗa maka ke nan."

Ya girgiza kai. Bai yarda ba. Mutumin da duk rayuwarsa abu ɗaya yake samu daga hannun uwarsa, ranar da ya ga an ɗauke, ba zai ga ƙauna a ciki ba, fushi zai gani.

"Tsutsa ta shiga gonar mutum, na riga na yi masa alkawari. In na dawo zan sa kawu ya ba ta haƙuri."

Na riƙe igiyar famfon, ya zame hannuna a hankali. Da zai fita ya durƙusa daga nesa ya ce, "Inna, na tafi." Ta ce wa ɗan maraƙin, "A dawo lafiya."

Rana ta yi zafi ƙwarai a ranar, ga iska tana juyawa. Ana kiran azahar muka ji hayaniya. A amalanke aka kawo shi, jikinsa sharkaf da gumi, kumfa tana fita ta baki da hanci, ƙirjinsa yana ƙara kamar ruwa na tafasa a tukunya. Mai gonar yana ta rantsuwa wai ya ce masa ya huta, shi ya ƙi.

Ban san Inna tana iya gudu ba sai ranar. Ta ture mutane, ta faɗa kansa, ta rungume kansa a ƙirjinta. Sai ta kira sunansa. Da ƙarfi, a gaban kowa, sunan da ban taɓa ji a bakinta ba tun da aka haife ni. Ta yi ta kira. Ban sani ba ko ya ji.

"Madara! Ku kawo madara!"

Matarsa ta ruga ta buɗe babbar ƙwarya, ta tarar ta riga ta fara kamawa. Babu ko ɗigon sabuwa a gidan. Muka ɗauke shi da ƙyar daga hannun Inna muka sa a mota. Ma'aikatan asibiti sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Kafin la'asar Allah Ya karɓi abinsa.

A zaman makoki Inna ba ta yi kuka ba. Kunyar ta dawo ta rufe ta kamar ba ita ce ta yi ihun nan ba. Mata suna cewa ta yi tawakkali. Ni kaɗai nake jin abin da take maimaitawa idan ta ɗauka babu kowa kusa: "Ni na kife. Ni na kife." Ta daina cin abinci sai an matsa. Ta rame har zanen ɗaurinta yana zagaya ta sau biyu.

Da Malama ta ji labari, ta zo ta'aziyya. A hanya na faɗa mata halin da Inna take ciki, na roƙe ta ta cire mata wannan nauyin, tunda ita ce ta san gaskiyar abin. Ta zauna a tabarma kusa da Inna, ta yi addu'a, sannan ta kama hannunta.

"Inna, wallahi ba ke ba ce. Ko randa guda ya sha a ranar, ba za ta hana ba. Mun auna masu sha da waɗanda ba sa sha, duk ɗaya ne. Madara ba ta taɓa yi masa maganin komai ba."

Na zuba ido ina jiran in ga sauƙi a fuskar Inna. Sai ta ɗago ta dubi Malama.

"Ba ta taɓa ba?"

"Ba ta taɓa ba, Inna."

"Duk shekarun nan?"

Malama ta gyaɗa kai. Ina ganin a lokacin ne ita ma ta fara gane inda zancen ya nufa, don hannunta ya saki.

Inna ta ce, "To ashe ban taɓa ba shi komai ba ke nan. Ban goya shi ba, ban kira shi ba, ban ci abinci da shi ba. Ita kaɗai ce." Ta zare hannunta, ta gyara mayafi. "A'a, 'yar nan. Ki tafi da iliminki, Allah Ya amfana. Ni ki bar ni da nawa. Gara a ce rana ɗaya na hana shi."

Malama ta yi kuka har muka isa bakin titi.

Ta ƙarasa bincikenta. Na ji an ce da shi ake koya wa malaman gona yadda za su gargaɗi masu feshi, kuma na tabbata ya ceci wasu. Ban taɓa riƙe ta a rai ba, gaskiya ta faɗa, kuma ni na roƙe ta. Inna kuwa ta rayu shekaru bayan haka, ba ta sake tatsa da hannunta ba, kuma har ta koma ga Allah tana kan cewa ita ce. Na daina yi mata gardama. Na gane laifin da ta ɗora wa kanta shi ne kaɗai shaidar da ta rage mata cewa ta yi masa uwa, kuma ba ni da abin da zan ba ta a madadinsa.

Har yau abin yana ci mini rai. Na yi ritaya, ina yawan bin hanyar Taura zuwa Ringim, kuma har yanzu nakan ga mai feshi a gindin bishiya, ba takalmi, yana kurɓar madara bayan aiki. Ba na iya wucewa. Nakan tsaya in ce masa ya rufe hanci, ya sa safar hannu, kada ya hura bakin famfo, madara ba za ta cece shi ba. Dole in faɗa, don na ga ƙarshen abin da idona.

Amma kafin in kai ga zancen madarar, sai na tambaye shi wa ya ba shi. Idan ya ce saya ya yi, in faɗa masa kai tsaye. Idan ya ce mahaifiyarsa ce, sai in jira ya shanye tukuna.