Minti Biyar ɗin Malama Agogo

Ka taɓa tsayawa ka ƙirga mintunan da ke zubewa a banza tsakanin bugun ƙararrawar komawa aji da shigowar malami? Kada ka wahalar da kanka, Malama Agogo ta riga ta ƙirga maka. Biyar ne. Biyar sau kwana biyar, ashirin da biyar a mako. A zango mai mako goma sha uku, minti ɗari uku da ashirin da biyar ke nan, wato awa biyar har da ɗoriya, yara hamsin da takwas na aji huɗu suna jifan juna da alli, suna ja wa juna kunne. Ranar da ta gama wannan lissafi a bayan littafin kiran suna, ko shayinta ba ta iya ƙarasawa ba.

Ita dai haka Allah ya yi ta. Tun tana ƙarama, in uwarta ta aike ta gidan maƙwabta, sai ta dawo da adadin takun da ta yi zuwa da dawowa, saƙon kuwa sai an tuna mata. Ranar da ta fara ganin mutumin da ya zama mijinta, wani kafinta mai yawo da fensir a bayan kunne, abin da ta fara gaya masa shi ne maɓallan rigarsa bakwai ne, kuma ɗaya ya kusa faɗuwa. Duk da haka ya aure ta. Shekararta goma sha ɗaya tana koyarwa, kullum da agogo irin na masu horar da 'yan tsere rataye a wuyanta, shi ya sa yara suka laƙaba mata wannan suna. Ta san da sunan, ta ma san yaro nawa ne suka taɓa faɗarsa a gabanta da kuskure. Tara ne.

Minti biyar ɗin nan kuwa ba laifin kowa ba ne. Bayan hutun tara, malamin da zai shiga ajinta daga wancan ginin yake tahowa, sai ya tsallako filin wasa ya hau bene. To ita, a matsayinta na malamar ajin, sai ta ce me zai hana ta cike gurbin da ɗan aiki gajere, yau na lissafi, gobe na kimiyya, jibi na labarin ƙasa, abin da ba ya cikin manhaja amma zai buɗe wa yara kai.

Ta sami Hedimasta a ofishinsa, tana riƙe da kwalin takalmi a hammata.

"Yallaɓai, kati ɗari da ashirin ne. Kowane kati aiki ɗaya. Babu wanda ya kai minti biyar, duk na gwada."

Hedimasta ya zaro ɗaya ya ɗaga tabarau. A ƙasan katin an rubuta da jan biro: minti biyu da sakan arba'in.

"Malama, ni ba ni da matsala da ilimi," in ji shi. "Matsalata malamai. Duk wanda kika ci masa lokaci, nan zai zo ya zauna a kujerar nan ya hana ni shan iska. Ƙorafi uku na ba ki. Na uku yana shigowa, ki mayar da kwalinki gida ki sa takalmi a ciki."

"Ko ɗaya ba za ka ji ba, Yallaɓai."

Da gaskiyarta ta faɗa, don ta gwada ɗin. Wata biyu cur ta yi, duk yamma in ta taso, sai ta zarce rumfar mijinta, ta ja kujera tsakanin tarin katako da buhun ƙurar zarto, ta zaro kati ta danna agogo.

"Maigida, makulli, lemo, murfin kwalba, alli. Wanne zai nutse a ruwa, wanne zai taso?"

"Makulli da alli su nutse, sauran su taso. Miƙo min guduma."

"Sakan goma sha ɗaya! Zana min hanya daga gida zuwa nan."

Sai ya zaro fensir daga kunne, ya ja layi uku a kan guntun katako, ya ci gaba da aikinsa. Ita kuma ta ƙara minti biyu saboda ƙuruciyar yara, ta rubuta da jan biro, tana jin kanta mai tsananin adalci.

Ranar Litinin ta farko ta shiga aji da bokitin ruwa. Kafin a ma taɓa makulli, minti uku sun tafi wajen raba faɗan wanda zai tsaya kusa da bokitin. Da makulli ya nutse, sai kowane yaro ya tuna yana da abin da yake so a gwada: magogin fensir, ɗan kunne, takalmin wani da bai ba da izini ba. Malamar harshe ta iso ta tarar da ruwa ya malale har bakin ƙofa, ta tsaya tana tattare gefen zanenta. Minti goma sha tara. Ƙorafi na ɗaya.

Malama Agogo ta ce laifin bokiti ne. Ta cire duk katin da ke da ruwa a ciki, guda shida, ta koma da ƙarfinta.

Ranar Laraba aka yi taswira, kowa ya zana hanyarsa daga gida zuwa makaranta. Babu ruwa, babu jifa, takarda ce da fensir. Sai dai yara goma sha huɗu ba su da fensir, bakwai nasu ya karye a daidai lokacin, sannan akwai tagwaye a ajin, gida ɗaya, ƙofa ɗaya, amma ɗaya ya zana kwana uku, ɗayan ya zana biyar. Aji ya rabu gida biyu. Ita kanta ta shagala tana bin layin da yatsa don ta gano mai gaskiya, ba ta ankara ba sai da malamin kimiyya ya yi gyaran murya karo na uku. Minti ashirin da uku. Ƙorafi na biyu.

Da yammar nan ta isa rumfa jiki a sanyaye, ta zauna a kan buhun ƙura ba tare da ta kakkaɓe ba.

"Maigida, ban gane ba. Kai sakan arba'in ka zana taswirar nan."

Kafinta ya ajiye zarto, ya juyo wajenta.

"Malama, ni mutum nawa ne?"

"Ɗaya mana."

"Na taɓa ce miki fensirina ya ɓata? Na taɓa ce miki wani ya taka min ƙafa?"

Bai jira amsarta ba, ya ci gaba.

"Kuma tunda abin ya kai haka, bari in faɗa miki tsakani da Allah. Rabin amsoshin nan cankar su nake yi, don ki ƙyale ni in gama ƙofar mutane. Ke ba kya duba amsa, agogo kawai kike dubawa."

"Wata biyu kana yi min canke?"

"Wata ɗaya da rabi. Makon farko da na biyu na yi ƙoƙari."

Ita da kanta take ba da labarin yanzu, tana dariya har da riƙe ciki. Ta ce ta ƙirga mintuna, ta ƙirga sakanni, ta ƙirga katuna, abu ɗaya ne ta manta ta ƙirga, su yaran, ga shi kuwa kullum da safe ita ke kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Amma a ranar ba ta yi dariya ba, don washegari Alhamis ce, kuma mai shiga bayan hutun tara ranar Alhamis shi ne Baba Tarihi.

Baba Tarihi dattijo ne da ya kusa ritaya, bai taɓa makara ba, bai kuma taɓa yafe wa wanda ya makarar da shi ba. Shi kaɗai ne malamin da ke tsallako filin nan cikin minti biyar cif, ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga hannun riga ya kalli agogonsa. Sauran malamai suka ba ta shawarar ta tsallake Alhamis ɗin kawai. Ta ce in ta gudu yau, Alhamis goma sha biyu ne suka rage a zangon, duk guduwa za ta yi?

Ta zaɓi katin auna tsawon aji da ƙafa, diddige a bakin yatsa daga bango zuwa bango. A katin an rubuta minti biyu da rabi. Wannan karon ta yi lissafin da ya kamata ta yi tun farko: yaro hamsin da takwas, kowa sakan arba'in, kusan minti arba'in ke nan. Ta soke jan biron har takardar ta huje. Yara biyu kawai za su taka.

Ƙararrawa na bugawa ta danna agogo.

"Dogo, fito. Auta, fito. Saura kowa ya zauna, bakinku kawai nake so, ku ƙirga da ƙarfi."

Dogo, wanda ya fi kowa tsawo a ajin, ya cire takalmi ya taka, aji na ƙirgawa. Talatin da uku. Ta rubuta a allo. Auta, 'yar mitsitsiyar yarinyar da ƙafarta ba ta taɓa ƙasa in ta zauna a benci, ta taka tana buɗe hannuwa kada ta faɗi. Arba'in da ɗaya. Ta rubuta a gefensa.

"To," in ji Malama. "Aji ɗaya, bango ɗaya. Nawa ne tsawonsa?"

Aji ya kaure. Wasu suka ce Auta ta yi maguɗi, wasu suka ce Dogo tsalle yake yi. Wani daga baya ya ce a haɗa a raba biyu kowa ya huta. Ta saci kallon agogo: minti huɗu da sakan arba'in. Ta saci kallon ƙofa: ga Baba Tarihi, ya riga ya ɗaga hannun riga.

Bayanin yana bakinta. Ta shirya shi tun safe, mai kyau ne, ya tashi daga ƙafa ya sauka a kan dalilin da ya sa mutane suka yarda da ma'auni ɗaya. Ta gwada shi a gaban madubi, minti ɗaya da rabi yake ci. Ita da ba ta taɓa barin ko wankin kofi rabi ba, ta tsaya da amsa a baki kamar mai riƙe da ruwan zafi. Sakan goma. Ta haɗiye, ta ɗauki kwalinta.

"Malama, wanne ne daidai?" Auta ta ɗaga murya.

"Lokaci ya yi. Bismillah, Baba."

Ta fita a kan minti biyar daidai, ta koma ɗakin malamai ta zauna tana jin hayaniyar ajin ta bango. Ta yi zaton za ta lafa. Ba ta lafa ba sai bayan minti ashirin da shida. Da aka tashi darasi, ta hango Baba Tarihi ta taga ya nufi ofishin Hedimasta, yana tafe yana gyara igiyar takalmi. Ba a jima ba aka aiko kiranta.

"Ga ta nan," in ji Baba Tarihi, ya yi kicin-kicin da fuska. "Babi guda na shirya, ko shafin farko ban buɗe ba. Ta kunna min aji ta yi tafiyarta."

Hedimasta ya juyo. "Malama, ƙarfe nawa kika fita?"

"A kan minti biyar, Yallaɓai. Baba shaida ne."

"Haka ne, Baba?"

"Ta fita a kan lokaci, wannan ba na musu. Amma yaran nan ba su bar ni ba! Sai da na ba su labarin yadda kakanninmu suke awo da taku da kamun hannu, da irin rigimar da ake yi in mai sayarwa gajere ne mai saye dogo. Ina gamawa suka ce sai na cire takalmi."

"Ka cire?"

Baba Tarihi ya kalli silin. "Wannan 'yar ƙaramar ce ta ce ƙafar babba ita ce gaskiya."

"Nawa ka samu?"

"Ashirin da tara. Su suka ce talatin, amma ƙarya ne, takun ƙarshe bai cika ba."

Hedimasta ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi, kafaɗunsa na rawa. Malama Agogo dai ta ƙanƙame kwalinta, ta ƙirga fankar silin ta juya sau goma sha bakwai kafin ya yi magana.

"Ƙorafi ne, Baba ya yi, kuma na ji. Amma sharaɗina a kan cin lokaci ne, ita kuwa ba ta ci ba, kai ka ba da naka da hannunka. Sai dai ba zan yarda a riƙa tuɓe min dattawa takalmi a aji ba. Daga Litinin, minti biyar ɗinki ya koma kafin hutun tara, ba bayansa ba. Ki kunna su, ƙararrawa ta kora su fili, su je can su ƙarasa musunsu."

"Yallaɓai, wannan ai daga cikin darasina za a yanka."

"Ƙwarai kuwa. Sai mu ga ko za ki kai ƙarar kanki."

Ta karɓa hannu biyu. A makonnin da suka biyo baya ta sake gwada katunan, wannan karon da yara na gaske, masu ɓatar da fensir da taka wa juna ƙafa. Cikin ɗari da goma sha huɗun da suka rage, goma sha bakwai ne suka tsira. Ta ce a duk rayuwarta ba ta taɓa cin maki ƙasa da wannan ba, kuma ita ta ba wa kanta jarrabawar, ita ta yi makin. Amma goma sha bakwai ɗin suna aiki. In ka bi ta filin makarantar a lokacin hutu, za ka ga 'yan aji huɗu sun yi cirko-cirko suna musu a kan ko inuwar sandar tuta ta fi ta jiya tsawo, abincinsu na hucewa a hannu.

Kai ma gwada ɗaya a gida. Ka sami yaro, naka ko na maƙwabci, ka miƙa masa takarda guda, ka tambaye shi sau nawa yake jin zai iya ninke ta biyu kafin ta ƙi ninkuwa. Ya faɗi adadi tukuna, sannan ya ninke. In ya ɗago ya tambaye ka me ya sa ta tsaya da wuri haka, ka daure ka kama bakinka har gobe.